Kafin ka shiga gardamar daraktoci, duba faifan da ka kalla

Wani ƙanenmu daga Garwa ya rubuto yana cewa kawunsa ya bar masa kwalaye cike da faya-fayan fim, na Indiya da na kaboyi da na 'yan Sin da wasu 'yan na Hausa. Yana so ya ɗora a kai ya zama mai tarawa, amma abokansa na majalisa suna yi masa dariya, wai komai yana cikin waya yanzu. A majalisar kuma kullum sai an yi gardamar wane ne gwanin daraktoci, shi kuwa bai san da me ake auna darakta ba. Yana tambaya wane faifai ne ya cancanci ajiya, kuma a cikin daraktocin wa ya fi.

Ƙanena, tambayoyin nan naka biyu a wurina ɗaya ce. Na daɗe ina sayar da kaset da faifai da ba da haya a Marwa, kafin nan kuma na riƙe gidan kallo irin na benci da labule da talabijin ɗaya. Rabin gardamar da na ji ana yi a kan daraktoci, in ka bi ta a hankali, mutum biyu ne suka kalli kwafi biyu daban-daban na fim ɗaya, kowa yana rantsuwa da abin da idonsa ya gani.

Ɗauki Sergio Leone, daraktan finafinan kaboyi ɗan Italiya, tunda ka ce akwai na kaboyi a kwalayen. Mutumin nan da faffaɗan hoto yake aiki, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.35. Tsohuwar talabijin kuwa faɗinta sau 1.33 ne kacal. Masu buga kaset da VCD da yawa ba sa son baƙin layi a sama da ƙasa, don mai saye yana cewa an cuce shi, sai su datse gefe da gefe har hoton ya cika gilashi. Yi lissafi ka gani, sama da kashi 40 cikin 100 na hoton ya tafi. To, a ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly na 1966, mutum uku ne suke tsaye a wani fili zagayayye a tsakiyar maƙabarta, kowa yana fakon biyun da suka rage. Duk ƙarfin wurin yana cikin ratar da ke tsakaninsu, da yadda Leone yake tsalle daga wannan faɗin zuwa idanu da yatsu a bakin bindiga. A datsattsen kwafi ratar ta lalace, wani lokaci ma sai ka ga mutum ɗaya da rabin kafaɗar wani. Wanda ya kalli wannan ya ce Leone ja-da-labari kawai ya iya, ba ƙarya ya yi ba, abin da aka ba shi ke nan.

Haka faya-fayan nan masu fim goma sha biyu ko ashirin a ciki. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu 8.5, kuma fim ɗaya mai kyau shi kaɗai yana iya cinye wannan. In an cusa ashirin, dole a matse kowane ɗaya har ya fita hayyacinsa. A wurin duhu ake fara ganewa, dare ya koma dunƙule-dunƙulen toka, fuskar jarumi ta narke in ya juya da sauri. Fim ɗin Indiya kuma waƙoƙi ake fara yanke wa don ya shiga. Akwai ma abin da ba laifin 'yan kwafi ba ne: fim na silima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, faifan tsarin PAL irin wanda ake bugawa a Faransa kuwa 25, don haka fim na awa uku yana raguwa da kamar minti bakwai, murya ta ɗan ƙara siranta. Wannan ba abin damuwa ba ne, na faɗa ne don kada ka ga bambancin mintuna a bayan kwali ka ɗauka an yanke.

Sai batun murya. Yawancinmu a nan da fassarar Faransanci muka san finafinan Amurka, yaran yanzu kuma da fassarar Hausa suka san na Indiya. Fassarar Hausa tana da daɗinta, ni ma ina dariya, amma mai fassara yakan zuba barkwanci a inda darakta ya bar shiru da gangan, kiɗan asali kuma a danne shi. Ba za ka auna darakta da wannan ba. Nemi faifan da ke da muryar asali da rubutun fassara a ƙasa, wanda Faransawa ke rubuta wa VOST a kwali. Na Leone ne kawai ba sai ka wahalar da kanka ba, don a Italiya a lokacin bayan an gama ɗauka ake ɗora murya, kowane ɗan wasa yana magana da harshensu a gaban kyamara.

Yanzu zazzage kwalayen kawu a kan tabarma, ka riƙa juya kowane faifai kana duba cikinsa. Wanda cikinsa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI, bugun masana'anta ne, a jikin robar aka danna bayanan. Wanda cikinsa shuɗi-shuɗi ne mai ja, ko kore, ƙona shi aka yi a kwamfuta, bayanan suna cikin wani rini ne da zafi da hasken rana ke kashewa a hankali. Bugun masana'anta ba shi ne shaidar cewa na halal ba ne, 'yan kwafi ma suna da injinan bugawa, amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ƙonannun su ne marasa lafiyar gidanka, su za ka fara ceto.

Mutane da yawa suna lallaɓa cikin faifai su bar bayansa. A DVD hakan ba laifi, don robobi biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya. VCD kuwa CD ne, bayanansa suna dab da fuskar da aka yi wa zane, fenti ne kawai ya rufe su. Ƙarcen da zai sami cikinsa sau da yawa na'ura tana tsallakewa, amma in biro ko ƙusa ta karce bayansa, wurin ya tafi har abada. Ɗaga shi ka kalli fitila ta cikinsa, in ka ga ƙananan huji-huji na haske, ya fara ci.

Zafinmu ne babban abokin gaba. A Maris da Afrilu, daga Garwa har Kusuri, ma'auni yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Kada ka ɗora su a saman kabad kusa da rufi, kada ka bar su a mota ko a akwatin babur. Ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka, a tsaye kamar littattafai, kowane a kwalinsa na roba. Ledar nan mai laushi da ake sayar da faifai a ciki tana mannewa da zafi, ta kwashe fentin. Lokacin hunturu ƙura ce matsalar, ita ke yin ƙarce in ka goge a bushe. Hure ta tukuna, ko ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada ka bi zagaye, don bayanan a zagaye suke tafiya, ƙarcen da ya bi hanyarsu ya fi wanda ya gitta ta ɓarna. Man goge baki da yara ke shafawa kuwa, bar shi sai faifan da ka riga ka fid da rai.

Abokanka da ke cewa komai yana waya, ka ce su nemo maka tsofaffin finafinan Hausa na shekarun 1990 cikakku, da hoto mai kyau. An fara wannan harka a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma a kaset na bidiyo aka ɗauki na farko-farkon, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Abin da ke intanet sau da yawa guntu ne, da tambarin wani a kusurwa, yau yana nan gobe an sauke. Ko Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka yi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekara da shekaru ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. In fim irin wannan zai iya ɓacewa, ina ga wanda aka buga a VCD aka kawo ta Mubi a cikin buhu? Saboda haka 'yan na Hausan nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, mai yiwuwa su ne mafi daraja a kwalayen. Enter the Dragon ba zai ɓace a duniya ba ko ka jefa naka a Binuwai. Kwafe na Hausan zuwa kwamfuta, ka ajiye a wuri biyu, faifan kuma ka riƙe shi da kwalinsa, don a kwalin ne sunayen waɗanda suka yi aikin suke.

To, mu zo ga gardamar. A majalisunmu yawanci jarumi ake yabo ana tsammanin darakta ake yabo. A ce fim ɗin Amitabh, fim ɗin Dharmendra, fim ɗin Bruce Lee. Jera faya-fayanka bisa sunan darakta maimakon jarumi, ka kalli uku na mutum ɗaya a jere, za ka fara ganin hannunsa: inda yake tsayar da kyamara, lokacin da yake yanke hoto, abin da yake ɓoye maka, da yadda ɗan wasan da ka sani yake canzawa a hannunsa.

Amitabh Bachchan ɗin nan guda, dubi shi a hannun mutum uku. A Deewaar na Yash Chopra, 1975, wuta ce a rufe. A Sholay na Ramesh Sippy, shekarar dai, mai ƙarancin magana ne. A Amar Akbar Anthony na Manmohan Desai, 1977, ɗan barkwanci ne har yana yi wa kansa magana a madubi. A gidan kallo Desai ne mai cika benci, kuma ba na raina shi. Mutumin da ya fitar da finafinai huɗu a 1977 kaɗai, dukansu suka karɓu, ya san zuciyar mai kallo. Shi ne zai nuna maka 'ya'ya uku kwance a asibiti ana ɗibar jininsu lokaci guda yana tafiya jikin uwar da ba su san tasu ba ce. Kowane ma'aikacin asibiti zai ce maka ba a yin haka, amma na ga manyan mutane suna share hawaye a wurin. Wannan gwaninta ce, ko an ƙi ko an so.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, Sholay nake ɗorawa a sama, ba don faɗan ba. Akwai wurin da matar nan mai takaba take bin baranda da magariba tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, Jai, wato Amitabh, yana zaune nesa yana busa ɗan abin busarsa na baki, ba wanda ya ce uffan. Desai ba zai iya haƙurin wannan ba. Amma ga inda nake ba 'yan Desai gaskiya: Sippy bai sake yin wani abu da ya kai Sholay ba, kuma labarin da maganganun na Salim da Javed ne, su ne dai suka rubuta Deewaar. Mai fim ɗaya da ya kai ƙololuwa, da mai finafinai da yawa da ba su faɗi ba, wa ya fi? Wannan ita ce gardamar da ta cancanci shayi. Kuma a nan ma faifai yana shigowa, don Sholay ƙarshe biyu gare shi. A wanda Sippy ya fara ɗauka, Thakur, tsohon ɗan sandan, shi ne ya kashe Gabbar, shugaban 'yan fashi. Hukumar tace finafinai ta Indiya ta hana, aka sake ɗauka 'yan sanda suka zo suka kama shi. Duka biyun sun fito a faifai. Na sha jin mutum biyu suna neman ba hamata iska a kan ko Gabbar ya mutu, alhali kowa da gaskiyarsa.

Masu son Leone kuma akwai abin da ba sa son a tuna musu. A Fistful of Dollars na 1964 labarin Yojimbo ne na Akira Kurosawa ɗan Japan, 1961, kusan fage da fage: baƙo ya shigo garin da ƙungiyoyi biyu ke gaba, ya riƙa haɗa su faɗa yana cin riba. Ba a nemi izini ba, kamfanin Japan ɗin ya kai ƙara, aka biya. Wasu suna ganin wannan ya rufe magana, Kurosawa malami, Leone mai kwafi. Ni ban yarda ya rufe ba. Kalli farkon Once Upon a Time in the West na 1968: mutum uku suna jiran jirgin ƙasa a wata tasha, sama da minti goma kusan ba magana, ƙuda yana damun ɗaya, ruwa yana ɗiga a kan hular ɗaya, injin iska yana ƙara. Wannan ba a wurin kowa ya kwafo ba. Kurosawa ya fi shi faɗi da zurfi, ya yi na yaƙi, ya yi na asibiti, ya yi na ma'aikacin ofis mai jiran mutuwa. Leone abu ɗaya ya iya, wato jira kafin harbi, amma a wannan ɗayan ba shi da na biyu.

Akwai wanda ba a cika sa shi a gardama ba alhali kusan kowane gida an kalli aikinsa, Moustapha Akkad, mutumin Siriya, mai The Message na 1976. Malamai sun yi saɓani a kan fim ɗin, ba wannan nake taɓawa ba. Ta fuskar sana'a, ya ɗauki nauyin ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko jin muryarsa ba, kuma ya yi shi sau biyu, da 'yan wasa daban: na Turanci da Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza, na Larabci da Abdullah Gaith. Ba fassarar juna ba ne, finafinai biyu ne. Mai tarawa na gaske yana neman duka biyun, kuma ni na Larabcin ya fi kwanta mini.

Abin da ke ba ni haushi a majalisunmu shi ne a kwana ana Indiya da Amurka, ba wanda zai ambaci na ƙofar gida. Tsallaka gada daga Kusuri kana Injamena, ƙasar Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe a 1961. Fim ɗinsa Daratt ya sami kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Benis a 2006, Un homme qui crie ya sami kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2010, bayan haka ne ma aka sake buɗe silimar Normandie ta Injamena a 2011. Ƙorafin da ake yi a kansa ɗaya ne, wai finafinansa ba sa tafiya, wai don Turawa yake yi. Kalli Daratt tukuna. Kaka makaho ya ba jikansa bindiga ya je ya kashe wanda ya kashe ubansa a lokacin yaƙi. Yaron ya sami mutumin yana gidan burodi, ba ya iya magana sai ya kara wata 'yar na'ura a maƙogwaro, kuma mutumin ya ɗauke shi almajirin aiki. Daga nan sai kwaɓa fulawa, zufa, bakin tanda, bindiga a aljihu. Labarin ɗaukar fansa ne irin wanda Sippy da Leone suka yi, amma Haroun ya cire kiɗan da ke gaya maka abin da za ka ji, ya bar ka da mutum biyu a ɗaki ɗaya. Wanda ya zauna da mutanen da yaƙin Cadi ya koro zuwa Kusuri ya san irin wannan shirun, ba na Turawa ba ne. Inda nake karɓar ƙorafin shi ne, kuɗin finafinan daga Turai suke zuwa, kuma a can aka fi ganinsu. Wannan kuwa ba laifin kyamararsa ba ne. A Kamaru ma a Janairun 2009 aka rufe silimomi uku na ƙarshe, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, aka yi shekaru ba ko ɗaya.

In ka matsa sai na faɗi wa ya fi, a cikin waɗanda na ambata Kurosawa nake ba gaba, Haroun kuma shi ne wanda na fi so a ce kowane mai tarawa a arewacin nan yana da shi. Kusa da shi ka nemi Muna Moto na Jean-Pierre Dikongué-Pipa, ɗan Kamaru, fim ɗin 1975 da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1976, da Yeelen na Souleymane Cissé na Mali, 1987, da duk abin da ka samu na Ousmane Sembène.

Waɗannan ba za ka same su a tiren mai talla ba, sai dai ka yi saƙo ta hannun mai zuwa Yawunde ko Faransa, kuma a nan ne ake asarar kuɗi. An raba duniya shiyya-shiyya a DVD: Amurka 1, Turai 2, yawancin Afirka da Indiya 5. A Blu-ray kuwa Turai da Afirka duk B ne, Amurka A, Indiya C. Muna Moto da aka gyara ya fito a wani kundin kamfanin Criterion na Amurka a 2022, Blu-ray ɗin kamfanin na can kuma a shiyyar A yake kulle, wato fim ɗin Kamaru da na'urar da aka yi wa Kamaru ba za ta buɗe ba. Ƙananan na'urorin DVD na Sin da suka cika kasuwanninmu yawanci ba ruwansu da shiyya, suna karanta tsarin PAL da tsarin NTSC na Amurka duka, a wannan fannin sun fi masu tsada. Na Blu-ray ne ba su cika yafewa ba. Kafin ka yi saƙo, ka sa a ɗauko maka hoton bayan kwalin ka ga lambar shiyya da harshen rubutun fassara. In kuma na'ura za ka saya, tafi shagon da faifan Faransa ɗaya da na Indiya ɗaya, a jona a gabanka su yi wasa duka biyun kafin ka ciro kuɗi.